Turmin da Babu Hatsi a Cikinsa: Kan Yadda Muke Yi wa Fim ɗin Sabon Shiga Gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan jaridarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na ga yana ƙara yawa a nan Tawa, wato gajerun fina-finan da matasanmu suke ɗauka da salula, da kuma irin maganar da muke gaya musu bayan sun nuna mana. Ni tsohon malamin makaranta ne, na shafe fiye da shekara talatin ina duba littattafan yara da jan alƙalami, kuma har zuwa hunturun bara ina ɗauka cewa idan dai ana maganar gyara ne, babu wanda zai koya mini komai. Wani ɗan ƙanwata da kakarsa su ne suka nuna mini cewa na yi kuskure, kuma saboda na tabbata ba gidanmu kaɗai wannan abu yake faruwa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka.

Yaron, wanda bai daɗe da cika shekara ashirin ba, ya kwashe kusan wata huɗu yana haɗa wani fim mai tsawon minti 19. Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Adar: wata mata ce mijinta ya tafi bida Abijan, ya shekara uku babu aike, tana zaune a gidan surukai tana jiran ko shi ko takardarsa. Da salularsa ya ɗauka, a kanta ya yi montaj, wato yanka hotuna da haɗa su, abokansa da wata ƴar maƙwabta suka yi masa wasan, kuma iyakar abin da ya kashe kuɗi a kansa shi ne man moto da shayi. Ranar da ya ce zai nuna mana, aka fito da tele tsakar gida bayan sallar isha'i, aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka shigo, yara suka cika gaba, shi kuwa ya tsaya can baya jikin bango yana kallon fuskokinmu maimakon ya kalli telen.

Da aka gama sai tafi. Wannan ya ce Masha Allah, wancan ya ce ai ka zama ɗan Kano, wata ta ce saura mu gan ka a Tele Sahel. Ni ma da aka juyo gare ni, a matsayina na kawu kuma mushe, wato malamin makaranta, na ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana, Allah ya yi albarka." Alhali kuwa abin da na gani daban ne. Rabin maganganun ban ji su ba saboda iska, sai da aka kai minti na bakwai kafin in gane cewa matar da ke daka ita ce matar matafiyin ba ƙanwarsa ba, kuma na lura da cewa yara sun fara tsokanar juna tun fim bai yi nisa ba, wanda shi ne hukunci mafi gaskiya da aka yanke a wannan daren. Duk na haɗiye. Mun saba kiran wannan kara, kuma ba na raina kara, don ita ce take riƙe da zaman gidajenmu; amma yaron da ya yi wata huɗu yana aiki ya tashi daga wannan taro bai ƙaru da ko kalma ɗaya da zai yi amfani da ita gobe ba.

Kashegari ya kai fim ɗin fadarsu, inda samari ke zaman shayi, can kuma sai ya gamu da kishiyar abin da ya samu a gida. Tun ba a sauke shayin farko ba aka fara dariya, wani ya kwaikwayi yadda yarinyar take kuka, wani ya ce masa ya fi masa ya tafi Galmi ya kama aikin albasa. Su ma, idan aka duba da kyau, ba su gaya masa komai ba. Da yabon gida da ba'ar fada duk abu guda suka yi, suka yanke wa yaron hukunci, amma babu wanda ya taɓa fim ɗin. Bayan kwana biyu ya same ni a zaure, ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah ka gaya mini gaskiya." A nan ne na yi kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na karɓi salular, na kalli fim ɗin sau biyu da dare, na cika shafi biyu da jan alƙalami, kurakurai 23 a jere, kowanne da lambarsa, kamar yadda nake yi wa ƴan aji shida a da. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke takardar ya sa a aljihu, sannan na yi sati uku ban sa shi a ido ba.

Cikin waɗannan makonni na sake karanta kwafin takardar da na ajiye, kuma kunya ta kama ni. Ba wai abin da na rubuta ƙarya ba ne. Matsalar ita ce na jera babba da ƙarami a layi guda, har kuskuren rubutun sunan wani ɗan wasa ya samu matsayi daidai da rashin jin magana, wanda shi ne ya kashe fim ɗin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na lissafa abubuwa ne da ba zai iya gyarawa ba sai da kuɗin da ba shi da su, kuma gaya wa mai salula cewa hotonsa bai kai na babbar kamara ba daidai yake da gaya wa mai jaki cewa mota ta fi sauri. Wani kason kuma ba kuskure ba ne sam, son raina ne kawai: na rubuta masa cewa ya kamata mijin ya dawo a ƙarshe, ya kamata a ga uwar miji tana nadama, wato na zauna na tsara nawa fim ɗin na ɗora masa. A duk shafi biyun nan babu wuri guda da na ce masa ga abin da ka yi daidai, ka riƙe shi, alhali akwai irin wannan wuri, kuma zan zo kansa.

Wadda ta warware al'amarin ita ce mahaifiyata, kakarsa, wadda ba ta taɓa shiga lakkol ba, kuma ban san ta taɓa zama ta kalli fim daga farko har ƙarshe ba sai na jikanta. Ya je gaishe ta, ni ma ina wurin, kuma da yake tsakanin kaka da jika akwai wasa, ba ta yi masa wata kwana-kwana ba. Ta ce, "Kai angona, zo nan. Wagga mata taka da mijinta ya shekara uku bai aiko ko dala ba, wa ya ɗunka mata sabuwar atamfa? Kuma turmin da take daka, ba hatsi ciki. Ni da kunnena na ji." Yaron ya yi dariya, ya ciro salula, ya nemo wurin, muka kasa kunne mu uku. Gaskiyarta ce. Taɓarya tana sauka a kan icce tsura, ƙarar tana fita ƙwal-ƙwal, ba irin nauyayyen sautin nan da ke fita idan akwai gero a ciki ba, kuma ga atamfa da ƙarinta ko wanki ɗaya ba ta sha ba. Sai tsohuwar ta ƙara da cewa wurin da matar ta ji ƙarar mota a waje, ta tsayar da taɓarya a sama, ta saurara, motar ta wuce, ta ci gaba da daka, wannan wurin ya sa ta tuna da shekarun da mahaifinmu ya yi a Kumasi. Wurin nan bai wuce daƙiƙa goma ba, babu magana ko ɗaya a cikinsa, kuma shi ne wurin da na gani na yaba a zuci amma ban rubuta ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa maganarta ta shiga tawa ta kasa. Wasan kaka da jika ya taimaka, babu shakka, kamar yadda taubasai suke gaya wa juna abin da wani ba zai iya faɗa ba a zauna lafiya. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ta faɗi abu biyu, ba ashirin da uku ba. Ta nuna wurin da abin yake, yadda za a iya komawa a duba a tabbatar. Duka biyun abubuwa ne da zai iya gyarawa gobe da safe da tiya ɗaya ta gero da tsohon zanen uwarsa. Ba ta ce masa ga yadda zai yi ba, ta faɗi abin da idonta ya gani da abin da kunnenta ya ji, ta bar masa sauran. Kuma da ta zo yabo, ta yi shi da irin ma'aunin da ta yi gyaran, ta ɗora yatsa a kan daƙiƙa goma ta ce nan ne. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamin allo idan almajiri ya kawo masa rubutu ba ya cewa allonka bai yi kyau ba, yana sa yatsa a kan harafin ne ya ce wannan wasalin ba nan yake ba, almajiri ya goge ya gyara. Tela ma haka yake yi wa yaronsa, ya nuna masa inda ɗinki ya karkace. Sai da aka zo kan fim muka manta da abin da muka iya, muka koma ko dai tafi ko dai dariya.

Abin da tsohuwar nan ta yi ya tuna mini da wani sanannen labari a tarihin sinimar ƙasarmu. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi yawancin aikinsa a Nijar kuma ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Konni a 2004, ya ɗauki fim a farkon shekarun 1950 a kan yadda Sarkawa suke farautar dorina a kogin Kwara. Da ya haɗa shi a Faransa, ya sa kiɗa a kan wurin farautar don ya ƙara masa armashi, sannan ya dawo da shi Ayoru ya nuna wa mutanen da ya ɗauka. Masuntan suka ce masa ya cire kiɗan, domin farautar dorina cikin tsit ake yin ta, kuma dorina tana ji daga ƙarƙashin ruwa. Mutumin da ya yi karatu mai zurfi a Paris ya karɓi gyara daga waɗanda wasunsu ranar ce ta farko da suka ga kansu a majigi, kuma daga nan ya mayar da komawa da fim wurin masu shi ya zama ɗabi'arsa. Turmin mahaifiyata da dorinar Ayoru darasi guda ne: wanda ya san rayuwar da ake nunawa yana da abin faɗa ko da bai san sunan ko ɗaya daga cikin kayan aikin ba, kuma sabon shiga da ya tsaya ga abokansa masu ilimin salula kaɗai ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Ba ina nufin ilimin sana'a ba shi da wuri ba ne. Yana da shi, kuma a nan ne nake ganin waɗanda suka san aikin, ƴan rediyo da masu ɗaukar hoton biki da waɗanda suka yi karatun abin a Yamai, suna da hakkin da ba su cika saukewa ba. Amfaninsu shi ne su haɗa abin da mai kallo ya ji da dalilinsa. Idan jama'a suka ce ba mu ji magana ba, wanda ya sani zai bayyana wa yaron cewa mikron salula yana jikin salular ne, kuma idan aka ninka nisan da ke tsakanin baki da mikro, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, alhali iskar hunturu da ƙarar kabu-kabu da kukan awaki ba su ragu da komai ba. Maganin kuma ba ya buƙatar ko dala: a aro salula ta biyu, a sa ta a aljihun mai magana ko a ɓoye ta bayan ƙwarya kusa da shi, a rufe bakin mikron da ɗan soso saboda iska, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara kafin a fara don a samu inda za a daidaita sauti da hoto wajen montaj. Na sa sauti a gaba da gangan. Mutanenmu za su haƙura da hoton da ya yi duhu ko ya ɗan girgiza, amma da zarar sun fara tambayar juna "mi ya ce?" to fim ya fita daga hannun mai shi.

Haka abin yake ga sauran. Fuskar surukin a fim ɗin yaron ta fito baƙi ƙirin, ido ma ba a gani, kuma a takardata na rubuta "haske bai yi ba" na wuce. Wani mai ɗaukar hoton biki ne daga baya ya yi masa bayanin cewa ya sa dattijon cikin farar shadda da tsakar rana, ita kuwa salula da kanta take auna haske, da ta ga farin ya yi yawa sai ta rage, fuska ta tafi tare da shi. Ya ce masa ya ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, ko a inuwar bango, ko kuma ya canza wa tsohon riga. Wuraren da aka ɗauka cikin ɗaki kuma akwai wasu layuka da ke yawo a hoton, dalilinsu shi ne yawancin saluloli suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa idan ba a canza musu ba, wutar lantarkinmu kuwa tana bugawa sau 50 ne, don haka idan aka mayar da salular kan 25 sai layukan su ɓace. Akwai kuma wurin da mata biyu suke gardama amma dukansu suna fuskantar gefe guda kamar masu sallah, saboda ya tsallaka da kamara daga wannan ɓangare zuwa wancan a tsakiyar zancen. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai bai ɗauki minti biyar ba, kuma yaron ba zai sake yin kuskuren ba har abada. Kwatanta wannan da kalmar "bai yi ba", wadda ni malami guda na rubuta har sau shida.

Sai dai gyara hannu biyu gare shi, kuma ba zan ɗora wa manya laifi duka in bar matasan ba. Na zauna da da yawa daga cikinsu tun daga lokacin, kuma na lura da wata ɗabi'a da suke da ita kusan dukansu: kafin ka rufe baki sun fara bayani. Ka ce ban gane ko wace ce wannan ba, sai a ce maka ai matarsa ce, ai an faɗa a farko. To, idan sai mai fim ya tsaya kusa da tele yana fassara, ranar da fim ɗin ya tafi Maraɗi ko Agadas a salular wani, wa zai bi shi ya yi bayanin? Wanda ya ce bai gane ba, ba gardama ya kawo ba, labarin abin da ya same shi ya bayar, kuma ba a musanta wa mutum abin da ya same shi. Abin da ya kamaci mai fim a wannan lokaci shi ne ya riƙe bakinsa ya riƙe alƙalami. Idan zai yi magana, to tambaya ce, kuma ba "ya yi kyau?" ba, don wannan tambaya amsarta guda ce a ƙasar Hausa. Ya ce wa mai kallo ya ba shi labarin fim ɗin kamar yadda zai ba wanda bai gani ba, ya tambaye shi a ina ne hankalinsa ya tafi wani wuri, wane ne ya ji tausayinsa. Daga amsar zai gane ko fim ɗin da ke kansa shi ne ya fito a tele.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Yaranmu ba sa nuna aiki sai sun gama shi sarai, sun sa sunaye da kiɗa da godiya ga iyaye, sun sanar da ranar fitowa. A wannan matsayi duk wanda ya kawo gyara ya zama mai ɓata biki, kuma ko an karɓa babu yadda za a yi da shi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Da ɗan ƙanwata ya karanta wa kakarsa labarin tun yana kan takarda, da atamfar ba ta shiga fim ba. Masu sana'ar suna ƙiyasta cewa shafi ɗaya na rubutaccen labari yana ba da kusan minti ɗaya a hoto, don haka fim ɗinsa duka bai wuce shafi ashirin ba, abin da za a karanta a zama guda a gyara da fensir ba tare da an ƙona ko lita ɗaya ta mai ba. Bayan haka sai a nuna haɗin farko ga mutum uku ko huɗu waɗanda ba su san labarin ba kuma ba su fito a ciki ba. Idan mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a wuri, wataƙila ƙafarsa ce; idan uku suka yi a wuri guda, akwai dutse. Amma yadda za a kawar da dutsen, wannan na mai fim ne, kuma yana da damar ya saurari shawara ya yi godiya ya ƙi bin ta.

Wani abin da ke gurɓata gyaran da muke yi shi ne ma'aunin da muke ɗauka. Mun tashi da fina-finan Kano, waɗanda a nan muke kira dandalin soyayya, kuma ba ni da abin cewa a kansu sai alheri, don sun riƙe harshenmu a tele shekara da shekaru. Amma da yawa daga cikin masu yi wa yaranmu gyara abin da suke nufi da gyara shi ne a mayar da fim ya yi kama da na Kano: ina waƙa, ina gidan bene, me ya sa ƴan wasan suke cewa "shina" da "muna" maimakon Hausar da aka saba ji a fim. An gaya wa yaron nan haka a gabana. Alhali wannan gari yana da nasa gadon. Moustapha Alassane, wanda ya fara da aikin makanike, ya fitar da fim ɗinsa na farko a 1962, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, a nan Tawa ya zauna ya yi aiki shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita, a kulob ɗin sinima na Yamai ya koyi aikin, inda ake kallon fim a zauna a tattauna shi. A zamaninmu kuma Sani Magori ya ɗauki albasar garinsu Galmi da yadda aure yake rataye a kan amfaninta, ya yi fim da ita a 2008 wanda ya zagaya ƙasashe. Wanda ya yi wa yaro ba'a da albasar Galmi bai san cewa an riga an kai ta inda shi bai je ba.

Ina so in ƙara wata magana a kan ƴan wasa, musamman ƴan mata. Yarinyar da ta fito a matsayin matar matafiyin sai da aka yi ta roƙon iyayenta kafin su yarda, kuma dariyar da aka yi wa kukanta a fada ta isa kunnenta kafin magariba. Ta ce ba za ta ƙara ba. Idan wasan wani bai gamsar ba, mai fim ake gaya wa, a keɓe, domin shi ne ya tsayar da ita a wurin, shi ne ya ce ta yi kuka alhali shirun da ta yi da taɓarya a sama ya fi kukan sau goma, kuma shi ne ya zaɓi wannan ɗaukar ya bar sauran.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, inda wani da ya san aikin zai ɗauki gajeren fim guda na sabon shiga, da yardar mai shi, ya yi magana a kansa da Hausa, ya nuna minti kaza ga abin da ya faru ga dalilinsa. Matasa goma za su ƙaru da gyaran da aka yi wa ɗaya. Haka kuma gidajen matasa da al'adu na garuruwanmu suna da fili da kujeru da farin bango, abin da ya rage shi ne a sa rana, a gayyato masu fim da ƴan rediyo da ƴan tsofaffi irin mahaifiyata, a kafa sharaɗi guda, cewa duk mai magana sai ya faɗi wurin da yake nufi.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, ya sake ɗaukar wurin dakan da gero a turmi da tsohon zane, bayan da uwarsa da kanta ta je ta ba yarinyar da iyayenta haƙuri. Ya sake naɗar maganganu da salula ta biyu, ya yanke gaishe-gaishe da tafiye-tafiyen da ba su kai labarin ko'ina ba, fim ɗin ya dawo minti 11. Daga cikin kurakurai 23 da na rubuta masa ya ce ya yi amfani da biyar, kuma ya nuna mini su a takardar, wadda ashe bai yar ba. Maganar dawowar miji kuwa ya ƙi ta ƙememe. Fim ɗin har yanzu yana ƙarewa ne da matar tana rufe ƙofar gida da dare, ta ɗan tsaya, sannan ta bar sakatar a buɗe. Na sake gaya masa cewa a ganina jama'a za su tashi suna tambayar ina sauran, ya ce, "Kawu, na ji, amma a nan zan bar shi." Ranar Juma'a mai zuwa bayan isha'i zai sake nunawa a tsakar gidan, kuma ya ce a ajiye wa kakarsa kujera a gaba, kusa da lasifika.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.